Damben Dattijo da Gatari a Garejin Kakuri

Jikana ne ya tayar mini da wannan tsohon zance. Ya zo hutu, yana kwance a tabarma da waya a hannu, sai na ji ihun 'yan kallo yana fitowa daga cikinta. Na leƙa, na ga ƙarti biyu suna dambe. Ya ce wai na'ura ce ta haɗa su. Ba zamaninsu ɗaya ba, ba su taɓa haɗuwa ba, amma da ka danna sunayensu sai ta ƙirƙiro su, su gwabza, ta faɗa maka wanda ya ci. Kafin shayina ya huce an gama, har ya wuce kallon wani abu. Na dai shafa haƙarƙarina na hagu, domin mu ma mun yi irin wannan tambayar a zamaninmu, sai dai ba mu da na'ura, da jikina aka nemi amsar.

A wancan lokacin jiniyar masaƙa ce agogon Kakuri. Da ta yi kuka sai titi ya cika da kekuna, ƙararrawa ta ko'ina, masu tashi daga aiki da burbushin auduga a gashinsu kamar sun tsufa a yini guda, masu shiga da kwanon abinci ɗaure a bayan sirdi. Masu ƙosai da masu gasasshiyar masara sun san lokacin kowa. Ni a sashen saƙa nake, inda ƙarar injuna take hana ka jin muryar kanka, shi ya sa duk mutanen Kakuri na lokacin da ƙarfi muke magana. Baƙo zai ɗauka faɗa ake yi, alhali gaisuwa ce. Yanzu idan na bi ta wajen sai in ga ƙofofin sun yi tsatsa, ciyawa ta kai ƙugu, awaki suna kiwo a inda muke jingine kekuna. Shirun wurin ya fi damuna fiye da ƙarar da ta cinye mini rabin kunne.

Na zo ne daga wani ƙauye kusa da Kafanchan, dogo, siriri, ba abin da na iya ban da saƙa da waƙa a kwayar majami'a. A kwayar na ga Rifkatu, tela ce, mai kaifin baki. Mun fahimci juna ni da ita, amma akwai mahaifinta, Baba Yohanna, tsohon soja da ya je Bama a yaƙin duniya na biyu. Samari da dama sun je ƙofar gidansa sun dawo ba su ƙara bin layin ba. Ni idan na rusuna na gaishe shi, iyakar amsarsa ita ce, "Hmm."

Da yamma Baba yana zama ne a gindin mangwaron da ke bakin garejin Oga Ifeanyi, wani bakanike Inyamuri da ya daɗe a Kaduna har Hausa ta zauna a bakinsa, ko da yake bai taɓa raba mace da namiji a cikinta ba. A nan Malam Sani yake kafa tukubar tsirensa. Su ukun nan ba su da wata hira sai ta damben Turawa, na ajin masu nauyi. Sunayen 'yan damben suna karya harshe, don haka majalisar ta raɗa wa kowa nasa. Gwanin Baba shi ne Dattijo, wanda ya riƙe kambun duniya a zamanin yaƙi, mutum ne da aka ce ba ya surutu, ba ya tsalle-tsalle. Malam Sani kuwa na Mai Baki ne, wanda yake rawa a fili yana faɗin turmin da zai kayar da kai tun kafin a fara. Oga Ifeanyi ya kamu da son wani sabon yaro gajere mai kaurin wuya, wanda yake sare ƙarti tun 'yan kallo ba su gama zama ba. Shi ne Gatari. Oga kaɗai ke da bidiyo a layinmu, kuma yana da kaset na duk damben yaron.

Kullum tambayar ɗaya ce: da za a haɗa Dattijo da Gatari, kowa yana kan ganiyarsa, wa zai kwanta? Ba a yin ta a zaune. Oga zai fito daga ƙarƙashin mota da baƙin mai har gwiwar hannu, ya duƙa, ya rinƙa karkaɗa kai hagu da dama yana nuna yadda Gatari zai shige ƙarƙashin hannun Dattijo. Baba zai miƙe da sandarsa, ya dafe ƙasa da ƙafafu, ya ce, "Hagu, hagu, sannan dama. Shi ke nan. Wanda ya san aikinsa ba ya rawar kai kamar ƙadangare." Malam Sani yana juya nama yana cewa su biyun duka ba za su taɓa ko gashin Mai Baki ba. Masu motoci su yi ta jira, tsire ya yi ta ƙonewa. Yau mutane suna da amsar komai a aljihu, shi ya sa musu ba ya daɗewa. Mu namu ya shekara yana ci, domin babu wanda zai iya kashe shi.

Ni ina zuwa wurin ne kawai don Baba ya saba da fuskata. Wata yamma musun ya yi zafi fiye da kullum. Oga ya ce, "Baba, abeg, bar wannan magana. 'Yan damben da, yunwa tana damun su. Wannan Dattijo naka, turmi ɗaya Gatari za ta aika shi barci."

Baba ya buga sanda a ƙasa. "Ba girman jiki ba ne, koyarwa ce. Ka ba ni kowane irin mutum, in koya masa damben Dattijo, kai ka kawo naka ka koya masa haukan Gatari, mu gani."

"Na yarda!" in ji Oga. Ya juya ya ƙwala wa Danladi kira.

Danladi mai faci ne a gefen garejin, mutumin Kagoro, abokina, tare muke kwaya. Gajere ne, faɗinsa ya kusa tsawonsa, da hannu yake ɓare taya daga ƙarfenta. Kututture muke ce masa. Baba ya dube shi, sannan ya bi mutanen da ke zaune da kallo ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. Ni ban yi saurin sunkuyawa ba.

"Kai. Miƙo hannunka."

Na miƙa. Ya auna shi da sandarsa tun daga kafaɗa har yatsu, ya gyaɗa kai. "Dogon hannu. Gobe ka zo gida in ka tashi aiki."

Wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini, kuma a cikinta akwai kalmar gida. Na ce, "To, Baba."

Haka na shiga gidan da samarin Kakuri suka kasa shiga. Baba ya rataya buhun yashi a reshen gwaiba, ya naɗe mini hannu da tsofaffin ƙyallen atamfa daga shagon Rifkatu. Zai sa ni gudu ta gefen titin jirgi har in hango kogi, shi yana biye da ni a kan keke yana ba da umarni irin na bariki. In na dawo sai naushin buhu. Haɓa ƙasa, gwiwar hannu a jiki, ƙafa ba ta barin ƙasa. Yakan ce, "Kada ka yi fushi. Mai fushi yana sanar da naushinsa kafin ya iso." Mama, matarsa, takan zubo mini gwaten acca a babban kwano, ta tsaya tana kallona cikin tausayi kamar ragon da aka saya don biki. Rifkatu kuwa tana zaune a kan keken ɗinkinta a baranda. A ranar farko, da Baba ya shiga ɗaki, sai ta ce, "Kai da aka ba ka kaza ka yanka ranar Kirsimeti ta ƙwace ta gudu, kai ne za ka yi dambe da Kututture?"

Na ce, "Saboda ke nake yi."

Ta ce, "Ni na ce maka mai karyayyen haƙori nake so?"

Bayan an tashi daga koyon waƙa na ja Danladi gefe. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in kwantar da hankalina, shi ma kunyar Oga ce ta sa shi. Za mu ɗan taɓa juna, mu yi ta zagaye har tsofaffin su gaji, a ce kunnen doki. Muka tafa a kan haka.

Aka sa ranar Lahadi da yamma, bayan kowa ya dawo daga sujada. Ban san yadda labarin ya bazu ba, amma mutane sun zo har daga Barnawa da Mahuta. Wasu sun hau kan matattun motoci, wasu suna kan mangwaro. An tara tsofaffin tayoyi a kusurwa huɗu, aka zagaye su da igiyar jan mota. Safar damben aro ce daga wani tsohon ɗan wasan masaƙa, cikinta ya zube, sai da muka cusa mata auduga. Ƙararrawa kuwa guntun ƙarfen titin jirgi ne da ake bugawa da sifana. Aka naɗa Malam Sani alƙali, tunda gwaninsa ba ya ciki. Ya bar tsirensa, ya shigo fili da wuƙarsa a ƙugu, ya yi wa jama'a bayani cewa duk abin da za su gani yau wasan yara ne idan aka kwatanta da Mai Baki.

Turmin farko ya tafi yadda muka shirya. Danladi yana karkaɗa kai yana huci, ni ina miƙa hagu a hankali, muna zagayawa. Sai Baba ya daka tsawa daga bayana, "Hagu!" Makonnin da na yi ina jin wannan muryar sun sa hannuna ya daina shawara da ni. Ya fita da kansa, daidai lokacin da Danladi ya kawo kai. Na ji hancinsa a cikin safata. Wurin ya ɗauki ihu, "Dattijo! Dattijo!" Wata mata ta rangaɗa guɗa. Danladi ya taɓa hancinsa, ya dubi safarsa, ya ga ja. Da ya ɗago ido na san yarjejeniyarmu ta mutu.

A hutun turmi Baba yana yi mini fifita da hularsa, fuskarsa tana walƙiya. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar. Ya ce, "Ka gani? Ka gani, ɗana?" Ya ce mini ɗana. A ɗaya kusurwar Oga yana zuba wa Danladi ruwa a ka yana yi masa magana da yare uku.

Aka buga ƙarfe. Na miƙa hagu, ban sami kowa ba. Danladi ya ɓace, ashe yana ƙasa, a ƙarƙashin hannuna, daidai yadda Oga ya shekara yana nunawa. Wani abu kamar kan mota ya shige mini haƙarƙari, numfashi ya bar ni. Na sunkuya in neme shi, sai na biyun ya same ni a haɓa. Abin da na sani bayan haka shi ne ina kallon ganyen mangwaro da tafin ƙafafun waɗanda suke zaune a kan reshe, kuma ƙasar garejin tana da daɗin kwanciya fiye da yadda na zata.

Malam Sani ya tsaya a kaina ya fara ƙirga. "Ɗaya. Biyu." Sai ya juya wajen jama'a. "Kun ga abin da nake faɗa? Da Mai Baki ne, da ya ja da baya, ya jingina da igiya..."

"Malam, ƙirga!" in ji Oga.

"Ina ƙirgawa. Ina muka tsaya?"

Baba ya kama igiya da hannu biyu yana jijjiga ta. "Tashi! Tashi, ɗana! Dattijo ba ya kwanciya a gaban yaro!"

Na dafa ƙasa, na fara ɗago kai. Gaskiya zan iya tashi, ko da yake ban san me zan yi ba idan na tashi. Sai na ga zanen Lahadin Rifkatu ya ratso ƙarƙashin igiya. Ta durƙusa kusa da kunnena mai ji, amma da yake 'yar Kakuri ce, duk garejin ya ji abin da ta faɗa.

"Idan ka tashi, ba ni ba kai."

Uban yana dama yana cewa tashi, 'yar tana hagu tana cewa kwanta. Na dubi Baba, na dubi Rifkatu, na dubi Danladi yana tsaye yana huci da auduga tana leƙowa daga safarsa. Na mayar da kaina ƙasa a hankali, na rufe ido. Malam Sani ya ƙarasa ƙirgarsa. Aka ɗaga Oga sama, ba ma Danladi ba. Da na buɗe ido Baba ya sa hularsa, ya kama hanyar gida, bai waiwayo ba.

Ya daina zuwa gindin mangwaro. Majalisar ta mutu. Oga ya ci musu, amma ya rasa wanda zai yi wa alfahari, sai ya rinƙa yi wa masu motoci tsawa ba dalili. Ni kuma in na yi dariya haƙarƙari ya soke ni, in na tuna Baba kunya ta soke ni. Mama ce ta aiko a kira ni. Na tarar da Baba a ƙarƙashin gwaiba, an sauke buhun yashi. Na rusuna na ba shi haƙuri. Ya ce in zauna.

Ya ce lokacin da aka kwashe su zuwa yaƙi, bai taɓa jin baƙin mutum ya ɗaga wa Bature murya ba, balle hannu. A wani sansani a Indiya ya haɗu da wani baƙin soja direba daga Amurka, wanda ya nuna masa hoton Dattijo a guntun jarida, ya kwatanta masa da hannu da ƙafa cewa wannan baƙin mutum ya fi kowa ƙarfi a duniya, fari da baƙi, kuma Turawa da kansu suke biya su kalle shi. "Ranar ban ci abinci ba don murna," in ji Baba. "Duk dajin da muka shiga bayan nan, da shi na shiga."

Na ce, "Baba, to a ina kuka kalli dambensa?"

Ya ce, "Ban taɓa kallo ba. Direban nan ne ya nuna mini. Hagu, hagu, sannan dama."

Na kai wa Oga wannan labarin. Ya ajiye sifana, ya ce, "Chineke! Duk shekarun nan?" Da ƙaninsa ya tashi zuwa Anaca sayen kayan mota, ya ba shi saƙo. Bayan wani lokaci sai ga kaset na tsofaffin dambe, baƙi da fari. Oga da kansa ya wanke hannu da kananzir, ya sa riga mai tsabta, ya je har gida ya gayyaci Baba.

Baba ya zo cikin kakinsa na soja da aka goge, da lambarsa a ƙirji. Falon Oga ya cika, Malam Sani ya kawo tsire, Danladi ya matsa mini na zauna. Allah ya taimaka ba a ɗauke wuta ba. Hoton ya fito yana rawa, kamar ana ruwan sama a cikinsa. Ga wani mutum madaidaici, ba shi da wani girman kirki, fuskarsa kamar mai jin barci, yana jan ƙafa a hankali. Oga ya ce, "Baba, ga mutuminka."

Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ce, "Wannan ba shi ba ne. Nawa ya ninka wannan."

Babu wanda ya yi dariya. Mutumin cikin akwatin ya ci gaba da matsawa. Ya miƙa hagu. Ya sake miƙa hagu. Daman ba mu ma gan ta ba, sai dai muka ga abokin karawarsa ya naɗe kamar tabarma. Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Leɓensa yana motsi, idonsa ya cika. Oga ya mayar da kaset baya ba tare da an roƙe shi ba, muka sake kallo, muka sake. Can Baba ya share fuska, ya gyara murya, ya ce, "Shi ne. Talabijin ɗinka ne ƙarami, Oga."

Oga ya ce, "Na yarda, Baba. Tana da hannu. Amma Gatari..."

"Amma me?"

Kafin a cire kaset sun miƙe tsaye su biyu, Malam Sani yana tsakiya yana kiran Mai Baki. Matar Oga ta kwashe kofunanta daga kan tebur.

Ni na raka Baba gida, ina tura masa keke. Rana ta yi sanyi, jiniya ta yi kuka, masu aikin yamma suna wuce mu. Sai da muka kai bakin layinsu ya yi magana, bai dube ni ba.

"Ka ga kuskurenka? Ka bar gwiwar hannunka a sama."

"Na gani, Baba."

"Dattijo ma an taɓa kayar da shi. Ya koma ya shirya, ya dawo ya rama."

Na fara lissafin haƙarƙarin da suka rage mini. Ya bar ni a haka har ƙofar gida, sannan ya karɓi kekensa.

"Kai ba za ka rama ba. Ba ka da dambe ko kaɗan, na sani tun ranar farko. Amma tun da aka haifi yarinyar nan nake ba ta umarni, ba ta taɓa bin ko ɗaya ba. Kai kuma ta ba ka guda ɗaya, a gaban duk Kakuri, da jini a bakinka, ka bi. Za ku zauna lafiya." Ya tura keken cikin zaure. "Ka faɗa wa mutanenku su zo. Su zo da rana, kuma kada su kawo mini Kututture a cikin 'yan rakiya."

Danladi ne ya yi mini babban aboki. Baba bai ce masa uffan ba har aka gama biki, sai da aka zo ɗaukar hoto ya kama shi ya tsayar a gefensa, ya ce wa mai hoto ya ɗauka da kyau, domin jikokinsa su ga irin abin da ubansu ya tsaya a gabansa har turmi biyu.